Ɗigo Bakwai a Kan Maɓallai

Ina da hali guda da matata ta gaji da yi mini tsiya a kansa: ba na mayar wa mutum kayansa da datti. Ko rediyo aka kawo don canjin waya ɗaya, sai na goge shi har ƙarƙashi. Shekara ashirin da shida ina gyara a haka, ba wanda ya taɓa yi mini ƙorafi.

Ran nan wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo shago rungume da kwamfuta cikin tawul. Irin ta da ce, wadda kibod da injin suke haɗe a akwati ɗaya, a jona ta da talabijin. Robar jikinta har ta koma ruwan ƙasa.

"Ta babanmu ce," in ji ta. "Layi guda na haruffa ya daina fita. Don Allah kada ta kwana biyu."

"Malama, wannan ai ta girmi shagon nan. Ku saya masa sabuwa mana."

"Mun saya. Ko kallo ba ta ishe shi ba."

Sai ta yi mini bayani a taƙaice. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, idanu ma sun kusa tafiya. Da yatsa ɗaya na hagu yake buga abin da yake so, su karanta a talabijin. Kwana uku ke nan suna ta lalube, ba su san ko ƙishi yake ji ko ciwo ba.

Na kwance sukurori takwas na ɗaga murfin. A ƙarƙashin maɓallan akwai siraran ledoji biyu masu zanen layuka, in an danna harafi sai layi ya taɓa layi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da mitar gwajin wuta. Na biyar ne ya katse, daidai inda ledar ke lanƙwasa ta shiga soket, tsagin bai kai kaurin gashi ba. Na haɗe shi da tawadar azurfa mai ɗaukar wuta, na bari ya bushe. Kowane harafi ya fito ras.

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma sai na ɓalle maɓallan duka na jiƙa su a ruwan sabulu. Bakwai daga ciki suna da wani busasshen ɗigo ja a kai, mai tauri, na ɗauka fenti ne ya fantsama. Sabulu bai ci shi ba, na sa reza na kankare su tas. Har daɗi na ji da na ga suna ƙyalli.

Da yamma ta zo ta ɗauka. Washegari da safe ta kira ni, wai gyara bai yi ba. Na tafi gidan raina a ɓace.

Tsohon yana zaune a kujera kusa da gado, kwamfutar a kan katako bisa cinyarsa. Fuskar talabijin cike take da haruffa barkatai, ba kalma ko ɗaya. Na gwada kowane maɓalli a gabansu, lafiya lau.

Yayan malamar, wani dogo mai rigar ofis, ya ce, "Kin gani ko? Ba injin ba ne, kan Baba ne ya fara juyewa. A ɗauke ta kawai, wahalar da shi take yi."

Ni kuwa yatsan tsohon nake kallo. Ba dannawa yake yi ba, shafawa yake, daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo, ya sake. Wani abu yake nema wanda ba ya nan. Nan take na gane.

"Kansa ƙalau yake," na ce. "Jan ɗigon nan da ke kan maɓallai, da shi yake gane inda yake. Ni na kankare."

"Wane ɗigo?" in ji yayan. Ashe su ma ba su taɓa lura ba.

Na roƙi malamar jan farce, ta ɗauko a jakarta. Na kama yatsan tsohon ina ɗora shi a kan haruffa ina kiran sunansu, inda ya gyaɗa kai sai in ɗiga. Muka jira ya bushe.

Ya shafa, ya tsaya, ya buga: RUWA. Aka kawo, ya shanye kofi biyu. Yayan ya sunkuyar da kai.

Na fara tattara kayana, sai na ji ƙarar maɓallai kuma, a hankali. NA DA, MAMANKU CE TA SA MINI.

Malamar ta juya ta fuskanci bango. "Shekara huɗu da rasuwarta," in ji yayan, ba tare da ya dube ni ba.

Yatsan bai tsaya ba, wannan karon da ni yake. KA AJIYE SU?

"A'a, Baba," na ce. "Tun jiya na share shagon."