Ranar da Muttaka Ya Faɗo daga Gora

A gidan su Muttaka ba a faɗowa daga gora. Ba doka ba ce da wani ya kafa, ba kuma asiri ba. Haka aka tarar, haka ake. Goransu babban duma ne wanda da ƙyar mutum zai rungume shi, an yanke masa baki a sama. Masunci yakan kife cikinsa a kan bakin, ya saki ƙafafu cikin ruwa, komar kamun kifi a hannu, ya yi ta tafiya kamar agwagwa. In ya kama kifi ya ɗan ɗaga ciki ya jefa shi cikin goran. Wanda ya kuskure ya karkata, ruwa ya shiga, kifi ya koma inda ya fito, shi kuma ya fito da sabon suna. A ƙauyensu, gabas da Haɗejiya, akwai dattijo mai jikoki da har yau Badamasi Tsulum ake kiransa, saboda faɗuwa ɗaya da ya yi tun yana saurayi.

Muttaka yana da shekara bakwai kawunsa Haladu, ƙanen mahaifiyarsa 'Yar'azumi, ya ɗora shi a kan gora, don uban ya riga ya rasu. Da sun ci gaba a haka, da masunci zai mutu. Sai ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, samari suka watse. Shi ya faɗa kasuwar kifi ta Haɗejiya yana lodin kwalayen banda a motocin kudu. Yana lodi yana waƙa, yana saka sunan kowane ɗan dako a ciki, har direbobi suka riƙa cewa a kira musu mai bakin nan. Bayan la'asar kuma ya tafi wata firamare inda samari ke koyon wasan kwaikwayo. Waƙarsa ta farko a wani ɗan ɗaki kusa da tasha aka ɗauke ta, ta bi wayoyin mutane har Malam Madori da Kaugama da Birniwa, shi kuwa ko wayar kirki ba shi da ita.

A Kano shekara uku ya yi yana riƙe wa 'yan fim fitila. Ran nan wanda zai fito a baƙauye bai zo ba, aka kifa wa Muttaka tsohuwar malfa aka tura shi gaban kyamara. Yana buɗe baki da maganar mutanen gabas, mai ɗaukar hoton ya fashe da dariya har aka sake ɗauka. Daga ranar ya zama Ɗan Fadama. Shekara goma sha biyu yana wannan fitowa, yana rubuta wa jarumai waƙoƙin da suke motsa baki a kai. Da wannan sana'a ya gina wa 'Yar'azumi ɗakin bulo, wanda shekarar babbar ambaliya shi kaɗai ya tsaya a layinsu, gida huɗu suka fake a ciki. Ba ya jin kunyar aikinsa, ko kaɗan.

Abu ɗaya ne yake cinsa, yawanci in yana cikin mota shi da tunaninsa. Tafiyar Ɗan Fadama, da yadda yake naɗe wando, da gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana, duk na Kawu Haladu ne. Shi ya sato su. To in mutanen birni suka kwashe da dariya, wa suke yi wa? Kawu kuma bai taɓa ce masa ya ga fim ɗinsa ba, bai taɓa cewa bai gani ba.

Bana wani matashin darakta mai suna Fatihu ya ba shi abin da ya daɗe yana jira: fitowa babba daga farkon fim har ƙarshe, da waƙa huɗu da zai rera da bakinsa, da fuskarsa. Da aka ce ana neman wurin ruwa, Muttaka ne da kansa ya bugi ƙirji ya ce a zo garinsu a ga ruwa na gaske. Sai da aka iso, ruwa ya fara janyewa, shinkafa ta yi ja a gefen fadama, sannan Fatihu ya karanta masa fitowar ranar. Ɗan Fadama zai hau gora kamar mai hawan jaki, ya yi ta wutsil-wutsil, ya kife a ruwa, wata 'yar birni ta yi dariya daga bakin gaɓa.

Gari kuwa ya fito kaf. Maza sun jeru a kan tudu, mata sun bar banda tana hayaƙi. Goran da za a hau na Kawu Haladu ne. Da hannunsa ya kawo shi, ya shafe shi da tsumma, bai tambayi abin da za a yi da shi ba. Ya koma gindin giginya ya zauna.

Saude, 'yar Kawu, taubashiyar Muttaka, ita ta fara. "Kai Ɗan Fadama! Wannan tumbin na Kano zai rufe bakin gora har ya yi saura!"

"Ke dai ki kula da kifinki, yana ƙonewa kamar yadda kika saba," in ji Muttaka.

"Baba, a ɗaura masa igiya, kada ruwa ya tafi mana da ɗan fim!"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

Fatihu ya ba da umarni a fara. Muttaka ya shiga ruwa har ƙugu, ya ɗaga ƙafa zai haye goran kamar jaki. Kafin ya ankara cikinsa ya kwanta a kan bakin, ƙafafunsa sun buɗe, goran ya lafe a ƙarƙashinsa kamar jiya ya sauka. Ya jijjiga jiki don ya karkata, ƙafar dama ta tare ruwa da kanta. Tudu ya ɗauki tafi.

"A tsaya!" Fatihu ya yi tsawa. "Malam Muttaka, faɗuwa na ce, ba gwaninta ba."

Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na uku har ya karkata rabi, ruwa ya taɓa kunnensa, sai ga shi ya dawo daidai. Shi kansa bai san gaskiyar abin ba. Jikinsa ne ya ƙi, ko shi ne yake ɓuya a bayan jikinsa? In jiki ne, ba shi da laifi. In kuwa shi ne, to ya karɓi aikin mutum yana ha'intarsa a gaban jama'a, yana kuma karɓar tafi a kai.

Fatihu ya sauko har bakin ruwa, takalminsa na nutsewa a laka, ya rage murya. "Yayana, rana tana tafiya. Wannan faɗuwar ita ce ƙofar labarin, daga ita komai ya tashi. In ba za ka iya ba, ka gaya mini tsakani da Allah. Akwai wanda zan kira daga Kano ya iso gobe, amma ka sani in ya zo, duka zai ɗauka, har waƙoƙin."

"Ba ni minti goma," in ji Muttaka.

Ya fito yana ɗigar ruwa, ya nufi gindin giginya, ya durƙusa.

"Kawu, ban gaya maka ba. So suke in faɗo daga goranka."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni. Yaron nan tun ɗazu yake ihu." Kawu Haladu ya gyara murya, irin gyaran da rabin Kano suka sani ba su san mai shi ba. "Wai ba aikinka ke nan ba?"

"Shi ne."

"Ka karɓa?"

"Na karɓa."

"To ni abin da na gani, an sa ɗan 'Yar'azumi aiki sau uku ya kasa. Wannan ne ban taɓa gani ba a gidanmu."

Muttaka ya ɗago kai. "Kawu, dariya za a yi. Ba a nan kaɗai ba. Za a ce haka masunta suke."

"Da wannan haukan da yake so ka yi? Ai dole a ce. Wa ya taɓa hawan gora kamar jaki? Ko akuya ba ta yi." Tsohon ya tofar da ɗan itacen da yake taunawa. "Shekara hamsin ina kan ruwa, na ga faɗuwa ta kai ashirin. Ban taɓa ganin wawa ya faɗo ba, don wawa ba ya kaiwa tsakiya. Gwani ne yake faɗowa. Goransa ya cika, ya kamata ya juya gida, sai ya hango wani babban kifi. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ƙara. Sai gwiwar hagu ta ɗaga." Ya nuna tudu da haɓa. "Ga Badamasi can, tambaye shi."

"Ina jin ka, Haladu!" Badamasi Tsulum ya amsa daga nesa. "Ragon ruwa ne, wallahi ya kai cinyata! Kai ma da ka gan shi da ka bi shi!"

"Da na bi shi da na kawo shi."

Muttaka ya miƙe ya koma wurin Fatihu. Ya ce zai faɗo, amma ba faɗuwar da aka rubuta ba. A bar shi ya shiga tsakiya, ya yi kamun kifi na gaske, a ga mutumin ya iya, sannan kwaɗayi ya kayar da shi.

Fatihu ya yamutsa fuska. "Mutane Ɗan Fadama suka sani. Sakarai suke so."

"Sau ɗaya. In bai yi maka ba, ka kira mutuminka, ni zan biya masa mota."

Fatihu ya dubi rana, ya dubi mai kyamara, ya ɗaga kafaɗa.

Muttaka ya karɓi koma ya kwanta a kan goran. Ya ratsa ta gefen kachala, ƙafafunsa na aiki ba ƙara. Mutanen tudu suka zuba ido. Ya tsoma koma ya ɗago da karfasa biyu, ya ɗaga ciki ya zuba. Ya ƙara, tarwaɗa. Wannan ba wasa ba ne, kowa ya gani. Ya juya kamar zai nufo gaɓa, sai ya tsaya. Ya waiga. Babu komai a ruwan nan, amma idonsa ya ga ragon ruwa, har mutanen tudu suka miƙa wuya su ma su gani. Ya lashi leɓe. Ya dubi gaɓa, ya dubi kifin. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ƙara.

A nan jikinsa ya ce a'a, kamar ɗazu. Ya ji ƙafar dama tana neman tare ruwa. Ya danne ta, ya ɗaga gwiwar hagu da gangan, a gaban kawunsa da uwarsa da duk wanda ya san gidansu.

Tsulum!

Goran ya juya baki ƙasa, tarwaɗar ta yi tsalle ta shige.

Ihun da ya tashi har tsuntsayen cikin shinkafa sai da suka watse. Maza suna dukan cinya, wani yana birgima a ƙasa. "Ta Badamasi ce! Wallahi ta Badamasi ce sak!" Badamasi kansa ya miƙe tsaye yana share hawaye yana cewa, "Haka aka yi! Haka aka yi, ku shaida!" Mai kyamara yana dariya amma bai saki ba. Saude ta ɗaga murya da waƙar da mata ke yi wa wanda ya faɗo, sauran suka karɓa da tafi:

"Wa ya sha ruwa ba ƙishi?
Wa ya mai da kifi gida?"

Muttaka ya ɓullo, ciyawa a ka, ya kamo goran da hannu ɗaya. Ba a taɓa amsa wannan waƙa ba. Wanda aka yi wa yakan sunkuyar da kai ne ya fice. Shi kuwa ya tofar da ruwa, ya buɗe muryar da ta yi lodi a kasuwar Haɗejiya:

"Ni na sha, ku faɗa a gari,
Ɗan 'Yar'azumi ne ya sha.
Mai tsayuwa kan tudu, yi shiru,
Wanda bai hau ba, ina zai faɗo?"

Matan suka yi guɗa. 'Yar'azumi ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ya san ba a gama ba. Gobe a Kano wani zai kalla ya ce ga baƙauye ya sha ruwa, bai ga komar ba, bai ga gwiwar ba. Wannan ba shi da iko a kai. Amma dariyar da ke kan tudun nan ya san wa ake yi wa, kuma mai ita, Badamasi, yana ciki yana yi.

Fatihu ya duba abin da aka ɗauka, ya sake dubawa, ya cire hula ya sosa kai. "Yayana, wannan amsar taka ita ce waƙa ta biyar. Ya yi. A naɗe kaya, mu wuce fitowa ta gaba."

"Bai yi ba."

Kowa ya juya. Kawu Haladu ya taso daga gindin giginya, yana takowa da sandarsa har bakin ruwa.

"Baba, ai ya yi kyau," in ji Fatihu.

"Kai ka san hoto, yaro, ni na san ruwa. Ya rufe baki kafin ya nutse. Wanda kifi ya ja ba ya sanin zai faɗi, da baki buɗe yake shiga." Ya nuna Muttaka da sanda. "Tausayin kanka ka ji. Zubar da ruwan goran nan ka koma."

Fatihu ya dubi Muttaka. Muttaka ya dubi tsohon, ya kife goran ya tsiyaye shi, ya ɗora ciki.

"A ba shi wuri," Kawu ya ce da mai kyamara, yana gyara tsayuwa kusa da shi. "In na ce ka ɗauka, ka ɗauka."