Ranar da Troy Ya Rina Furfurarsa

Yolanda Prieto ta cire hular da ke kan Troy Ashcombe, ta tsaya riƙe da ita tana kallon kansa. Gashin da ta bari ranar Juma'a da furfurarsa, yau baƙi ne wuluk. Da ya sauke mayafin wuyansa, sai ta ga har gemu an bi shi da rini, ga gira ma an rina.

"Kafin ki fara faɗa, Yoli..."

"Ban fara ba tukuna. Ina neman ta inda zan kama ne."

Shekara ashirin da biyu ke nan tana yi masa kwalliyar fim a garin Burbank. Ta san shi tun yana fitowa a matsayin likitan bakin teku a wani shirin talabijin, lokacin da 'yan mata ke liƙa hotonsa a bangon ɗaki, shi kuwa aikinsa bai wuce ya cire riga ya kalli ruwa ba. Yanzu shekararsa hamsin da takwas. Ya yi shekara shida ba mai nemansa, sai wata darakta mai suna Gwen Sato ta ɗauke shi ya fito a matsayin wani makanike da 'yarsa ta daina yi masa magana. Saboda furfurar nan ta ɗauke shi.

"Hira aka kira mu jiya a talabijin, mu tsofaffin 'yan shirin," in ji shi. "Kowa ya yi rini. Ni kaɗai zan zauna a tsakiyarsu kamar kakansu?"

"Troy, wane wuri na fim ɗin za mu ɗauka yau?"

"Na tashar bas."

"Rabin farko yaushe muka ɗauka?"

"Mako uku ke nan."

"A cikin fim kuma minti nawa ne tsakaninsu?"

Ya kalli sama. "Ɗaya."

"Madalla. Tsoho yana tsaye, bas ta gifta, sai ga saurayi. Ashe fim ɗin aljanu muke yi ban sani ba."

Ta tura kansa cikin kwano ta wanke da sabulun wanke-wanke har sau huɗu. Rinin ko gezau. Wanda ya yi aikin ya iya aikinsa, abin da ya ƙara ɓata mata rai ke nan. Sai ta ɗauko farin fenti da ƙaramin buroshi, ta shiga bin gashin sili-sili, tana duba hotunan da aka ɗauka mako uku da suka wuce. Awa biyu tana tsaye, bayanta na ciwo, shi kuma yana ba ta labarin yadda wata mata ta fashe da kuka jiya da ta gan shi.

"Ni ma saura kaɗan," ta ce. "Daina motsi."

Ana haka Gwen ta shigo. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta ɗauki gorar fesa ruwa daga kan tebur, ta fesa masa a goshi. Fentin ya gangaro kan hancinsa kamar madara.

"A cikin ruwan sama za a ɗauka, kun manta?" in ji ta. "Gobe da safe za a rushe tashar da muka gina, wasu ne za su karɓi zauren ɗaukar fim ɗin. In ba mu ɗauka yau ba, na cire wurin gaba ɗaya."

Troy ya daina murmushi. In aka cire wurin nan, abin da zai rage masa a fim ɗin magana uku ce, ɗaya ma a kan tayar mota.

"Gashin kanti fa?" ya tambaya.

"Mako guda ake yi ana ɗinka shi," in ji Yolanda. "Kuma girar fa? Ita ma ta kanti za mu sa?"

Ta juya tana wanke buroshi don kada ta faɗi abin da ke bakinta. Rigar ruwan da zai sa tana rataye kusa da famfo.

"Gwen, rigar nan tana da hula. Bas na giftawa, sai a gan shi ya ja hular, ya juya yana bin ta da kallo. Ki ɗauke shi ta baya har ya gama magana."

Gwen ta juya tana kallon rigar. Troy ya miƙe.

"Ta baya? Shekara talatin da biyar ba a taɓa ɗaukata ta baya ba! Mutane fuskar nan suke zuwa gani."

"Fuskar nan ka kai ta wurin mai rini, ango," in ji Yolanda. "Kana da murya, kana da kafaɗa. Ka gwada su, ba su taɓa aiki ba."

Ƙarfe biyu aka saki ruwa daga bututun da ke saman zauren, kamar ruwan sama. Troy ya tsaya a tashar, ya ba kyamara baya. Ba girar da zai ɗaga, ba murmushin gefen baki. Ya fara magana da bas ɗin da ta tafi da 'yarsa, a tsakiya ya tsaya, kamar ya manta abin da zai ce. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ƙarasa da wata shaƙaƙƙiyar murya da Yolanda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Mai riƙe da sandar ɗaukar murya ya goge ido da hannun riga.

Gwen ta daɗe kafin ta ce a tsaya. Ba ta nemi a sake ba.

Troy ya dawo yana ɗigar ruwa, Yolanda ta miƙa masa tawul. Gwen ta biyo shi tana buɗe takardunta.

"Wurin asibiti na mako mai zuwa," ta ce, "shi ma ta baya zan ɗauke ka."

Ta wuce. Troy ya bi ta da ido, tawul a hannu.

"Yoli, yabo ne wannan ko zagi?"

"Zauna in bushe maka kai," in ji ta. "Karɓe shi a yabo."