Salbiyar Ifunanya

Malama Jawahir ba mai son shuke-shuke ba ce. Koyarwa take yi a wata firamare a Fagge, kullum takan dawo gida ƙafa a kumbure, murya a dishe. Amma da ƙawarta Ifunanya, mai ɗinki a Sabon Gari, za ta kai mijinta Nwabueze jinya garinsu, sai ta kawo mata wata shuka a tsohon bokitin fenti.

"Salbiya sunanta," in ji Ifunanya. "Rana ba ta damunta. Ki dai riƙa ba ta ruwa kafin in dawo."

Damina ta wuce, har zafi ya kama. Famfon unguwa ya ƙafe, da ruwan ɗaurayar kwanuka Jawahir take lallaɓa ta. Shukar ta yi tsawo, ta fitar da jajayen furanni jere a kan siraran rassa, suna ta zuba a tsakar gida, kullum sai an share. Ana cikin haka Nwabueze ya rasu. Jawahir ta yi ta'aziyya ta waya, daga nan kira ya ja baya.

Wata Asabar ta ji an ce an ga Ifunanya a Kano. Ta rungumi bokitin ta hau adaidaita. A Bata cunkoso ya riƙe su, zufa ta jiƙa mata mayafi, wani ɗan dako ya goge ta da dilar atamfa, reshe ya karye.

Shagon yana buɗe, amma babu keken ɗinki. Wani baƙo ne ke jera kwalaye. Ebuka, mai shagon kusa, ya gane ta.

"Malama, ai Madam Ifunanya ta kwashe kayanta shekaranjiya. Ta koma garinsu gaba ɗaya."

Jawahir ta zauna a bencinsa ta kira ta a waya.

"Kin shigo Kano, ba ki neme ni ba?"

"Na zo har bakin layinku," in ji Ifunanya a hankali. "Na gaji da kuka a gaban mutane, Jawahir. Ki yafe mini."

"To, shukar fa?"

"Marigayi ne ya dasa ta. Ba zan iya kallonta ba."

Jawahir ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce Allah ya ƙara haƙuri, ta kashe wayar.

Ebuka ya ce in ta yi mata nauyi ta bar ta nan, matarsa na son furanni. Ta ja bokitin zuwa ƙofar shagonsa, ta gaya masa kada su cika mata ruwa. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta bi gefen titi. Sai da ta kusa Singa ta tuna ko cefane ba ta yi ba.