Zaren Ya Kaka

"Wannan ba zarena ba ne," in ji Ya Kaka.

Ba ta ko buɗe ido ba, don idon ya daɗe da mutuwa. Yatsu kawai ta bi da su kan gyalen da Bunu masaƙi ya shimfiɗa mata a ƙirji.

"Naki ne mana, Ya Kaka."

"Abawar da ka gitta tawa ce. Zaren tsayen na kanti ne. Santsi kamar bayan kifi. Ni za ka yi wa wayo, Bunu? Da goyo na san ka."

Bunu ya ja baya zuwa bakin ƙofar ɗakin. Gaskiya ta faɗa. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu a unguwar Dogo Tebo, ita tana kaɗi, shi yana saƙa. Amma shekarar farin nan audugar garin Mamudo ta zo gajera, hannun tsohuwa kuma ya kama rawa. Zaren da ta kaɗa na ƙarshe, nan kauri, nan siriri kamar gashi. Abu ɗaya ta roƙa: ya saƙa mata gyale da shi, a rufa a kan makararta. Ya ga ba zai jure ja ba, shi ya sa ya sayo na kanti ya yi tsaye da shi.

"Naki tsinkewa yake yi," ya ce.

"To ka ƙulla. Kai ba masaƙi ba ne?"

'Yarta Falmata ta biyo shi zaure. "Baba Bunu, ka bar shi haka. Tun jiya ko kunu ba ya wucewa."

"Ta ce nata take so."

Ya warware aikin kwana shida. Ya sake jan tsayen saƙa da zarenta zalla a gindin dalbejiya. Ya jefa ƙoshiyar saƙa sau uku, zare ya tsinke. Ya lashi yatsa, ya ƙulla. Sau biyar, ya sake tsinkewa. Ya zagi audugar, ya zagi farin, ya ƙulla. Masu wucewa kasuwar shanu suna masa sannu, bai ɗaga kai ba.

Rana ta uku da hantsi ya ji salati ta bayan katanga, sannan kukan Falmata. Ƙafarsa ta tsaya a kan matakin masaƙa. Ya auna abin da ya samu da hannu: kamu biyu da ɗan taƙi. Ya sa wuƙa ya yanke, ya ɗinke bakin gyalen da kansa.

Bayan azahar aka fito da ita. Gyalen ya rufe daga kai zuwa ƙugu, daga nan sai tsohuwar tabarma. Ƙulli ne ko'ina a jikinsa, wutsiyoyin zare a tsaye. Wani ya ce a kawo bargo a ɗora, Bunu ya ce a bari.

Ya shiga ƙarƙashin makarar ta gaba. Har maƙabarta hannunsa ɗaya na sama, yana danne bakin gyalen kada iska ta ɗaga shi.