Ƙashin Aji Shida

"A sake!" in ji Malama Rispa, tana buga allo da rula.

Yaran suka sake ɗauka baki ɗaya, aikatau bayan aikatau: yadda ake faɗinsa in yanzu ne, yadda ake faɗinsa in jiya ne. In dai rera nahawu ne, 'yan aji shida ba su da na biyu a duk ƙasar Bungoma. Ka ba su jimlar Turanci su feɗe maka ita tas, ga suna, ga aikatau, ga sifa. Amma ka tambayi ɗayansu abin da ya karya kumallo da shi, sai ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

Rispa ta san dalili sarai. Yana nan rataye a wuyan Dorkas, a benci na biyu: ƙashin haƙarƙarin saniya da aka huda aka zura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Bukusanci, harshen gidansu, a harabar makaranta, shi za a rataya wa, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi makaranta ƙashin na wuyansa, ya durƙusa kan tsakuwa a gaban taro, sannan ya wanke masai. Yara kuwa ba wawaye ba ne. Tuni suka gano cewa wanda bai buɗe baki ba ba ya laifi, sai suka daina magana da kowane harshe.

Da safen nan ma sai da hedimasta, Mista Wanyonyi, ya tare ta a bakin ofis.

"Malama, jiya na bi ta bayan ajinki, na ji yare."

"Yallaɓai, wata ce ta tambayi ma'anar kalma."

"Ta tambaya da Turanci mana! Kina tsammani iyayen nan sun sayar da kajinsu ne don a koya wa 'ya'yansu abin da suke ji a madafi? Jarrabawa da Turanci za ta zo." Ya gyara tabarau. "Ke ba gwamnati ce ta ɗauke ki ba, kwamitin iyaye ne, kwamitin kuwa maganata yake ji. In na sake jin yare daga ajin nan, ko daga bakin wa ya fito, ki nemi wani wurin."

Wani wurin ina? Mijinta na zaune a gida tun da kamfanin sukari ya rage ma'aikata, ga yara biyu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta iya cewa mutumin ƙarya yake yi ba. Ita ma da ƙashi aka koya mata Turanci, ga shi yau da shi take cin tuwo.

Tana cikin rubuta wata jimla hasken ƙofa ya ragu. Wata tsohuwa ce tsaye, ba takalmi, taɓo har gwiwa, tana haki. Ba ta ko gai da malama ba, ta shiga laluben fuskokin yara.

"Naliaka! Ina kike? Taso, jikata, taso maza!"

Naliaka ce ta ɗaya a nahawu, kuma ita ce ta wuni da ƙashin jiya. Har yanzu gwiwoyinta na da shatin tsakuwa. Ta miƙe a hankali. Kafin ta dubi kakarta, sai da ta saci kallon Dorkas, aminiyarta, wadda ta riga ta kai hannu kan igiya.

"Tarakta mai jan rake ta buge uwarki a kan hanyar kasuwa," in ji tsohuwar da Bukusanci. "An kai ta asibitin gari. Na je, masu fararen kayan nan suna ta yi mini magana, ban ji ko ɗaya ba. Ke ce mai boko, zo ki ji mini abin da suke cewa."

Naliaka ta sake duban ƙashin. Ta haɗa jimlarta a zuci kamar yadda aka koya mata, sannan ta fitar da ita da Turanci, tsaf, ba kuskure ko ɗaya: "Kaka, shin mahaifiyata tana da rai?"

Tsohuwar ta saki baki. "Me ta ce? Ni kike yi wa yaren Turawa? Ni da na goya ki? Uwar taki na can kwance cikin jini, ke kina nan kina yi mini iyayi?"

Hawaye suka zubo wa Naliaka. Rispa ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta kama alli. Ta dubi taga. Ofishin hedimasta na nan daf, ƙofarsa a buɗe. Za ta iya jan su biyun zuwa bayan shinge, inda doka ba ta kai ba, shi ke nan. Har ta ɗaga ƙafa, sai ta ga yadda yarinyar ta danne bakinta da hannu don kada kukan ma ya fito da yare.

"Kaka," in ji Rispa da Bukusanci, da muryar da take koyarwa da ita, "ba raini ba ne, tsoro ne. Tambayarki take yi ko uwarta na da rai."

"Tana da rai, 'yata. Ƙafar ce dai, ƙafar."

"Naliaka, kin ji. Yi wa kakarki magana."

Sai yarinyar ta faɗa jikin tsohuwar, magana na zubo mata kamar an ɓalle famfo. Rispa ta kira ɗan acaɓan da ke kai ta gida, ta ɗora su, ta ja wa Naliaka kunne: in likita ya yi sauri, ta ce masa ya maimaita, ba wanda zai ba ta maki.

Da ta dawo, Dorkas na tsaye, ƙashin a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Wa kika fara ji?" Rispa ta tambaye ta.

Dorkas ta ɗago ido ta dubi malamar.

"Kawo."

Rispa ta rataya shi a wuyanta. Ya fi yadda take zato nauyi, ga wari. Haka ta ƙarasa darasin. Da aka fita cin dafaffiyar masara da wake ba ta shiga ɗakin malamai ba, ta zauna a aji. Daga bayanta ta ji raɗa ta fara tashi, kaɗan-kaɗan, har da 'yar dariya, wani na tsokanar wani da rabin Turanci rabin yare. Ba ta waiwaya ba. Tunanin abin da za ta gaya wa mijinta take yi.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, makaranta ta jeru a fili. Mista Wanyonyi ya bi aji-aji yadda ya saba. Masu ƙashi suka riƙa fitowa suna durƙusawa.

"Aji shida! Wa ke da ƙashi?"

Rispa ta fito. Ta tattara siket ɗinta ta durƙusa kusa da 'yan ƙananan yaran. Tsakuwar ta shige ta har ƙwaƙwalwa. Ashe haka take.

Hedimasta ya sauko daga baranda da sauri, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya sunkuyo kanta, kuma da yake ɓacin rai ba ya jiran nahawu, abin da ya fito daga bakinsa Bukusanci ne tsantsa.

"Ke 'yar nan, kin haukace ne? Tashi, kada ki mai da ni abin dariya!"

Layin gaba duk sun ji. Shi ma ya ji kansa.

Rispa ta san aikin ya riga ya tafi, kuma ba wani daɗi da ta ji. Ta cire igiyar daga wuyanta, ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi. Bai karɓa ba, ita ma ba ta sauke hannun ba.

Can cikin 'yan aji ɗaya, wata ƙaramar yarinya ta ja rigar ta kusa da ita ta tambaya da ƙarfi, da harshen gidansu:

"Shi ma zai wanke masai?"

Ba wanda ya motsa don ya kama ta.