Inda Faifan Baba Ke Maƙalewa

Sati uku ke nan Baba bai yarda ya shiga sabuwar motar ba. Kowace Alhamis, ranar zuwa asibiti, Auta, ƙaramar 'yarsa, takan wanke ta tun da safe, ta matso da ita daf da ƙofar gida, ta buɗe ƙofar gaba. Yayanta ya tallafo Baba ta ɓarin da ya shanye, su tako a hankali har bakin motar. Nan Baba zai tsaya, ya leƙa, ya dubi dashbod ɗin nan mai sheƙi wanda babu komai a kansa sai wani allo kamar na waya, sannan ya dogara sandarsa ya juya. Ba faɗa, ba bayani. Tun da ciwon ya same shi harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya ma sai ya ga dama.

Likitar gashin ƙashi ta riga ta gaya musu gaskiya. Ƙafar ta fara dawowa, amma hannun dama idan ba a motsa shi a 'yan watannin nan ba zai ƙage, kuma in ya ƙage ya ƙage ke nan. Asibitin yana can ƙarshen gari. Baba kuwa, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tasi, ya rantse tun yana da lafiya ba zai taɓa zama fasinjan wani direba ba. Auta kaɗai yake yarda ta ja shi, don shi ya koya mata.

Tsohuwar tasinsa Yaya ya sayar lokacin da Baba ke kwance a asibiti. Ba da mugun nufi ya yi ba. Motar ta gaji, ƙasanta ya huje har kana hango kwalta tsakanin ƙafafunka. Ya kawo wannan, mai sanyi, mai laushin kujeru, yana jiran a sa masa albarka. Abu ɗaya Auta ta tsamo daga tsohuwar kafin a ja ta, wato jakar faya-fayan sidi ta Baba, mai zif ɗin da ya lalace.

Faifai talatin da bakwai ne a ciki, duk Baba ne ya zaɓi waƙoƙin aka zuba masa. Ba ya rubuta sunan mawaƙi a kai. Abin da yake rubutawa da baƙin alƙalamin maka shi ne lokacin da za a saka faifan: "Ranar ruwa." "Cunkoso." "In fasinja sun fara gardama." Akwai wani da ya rubuta wa "Bayan Umma ta yi faɗa," kuma shi ya fi kowanne gogewa. Na farko a jakar sunansa "Fitowa." Da shi yake tayar da mota kullum, kafin ma ya taɓa madubi. A kan waɗannan rubuce-rubuce Auta ta ƙarasa koyon karatu, tana zaune a kujerar gaba, jakar a cinyarta, tana jiran Baba ya ce miƙo kaza.

Ita ta fara cewa wataƙila faya-fayan yake nema. A ƙasa-ƙasa ta faɗa, kamar yadda take faɗin komai, sai da Umma ta maimaita aka ji. Yaya ya ce in dai wannan ne ai da sauƙi. Sabuwar motar ba ta da ramin saka faifai, an daina yayinsa, amma tana karɓar fulash. Ya ɗauki jakar ya kai shagon masu tura waƙa, da yamma ya dawo da wani ɗan abu bai kai yatsa ba, yana murna. Ya ce mai shagon ya saurari faya-fayan ya ga duk sun karce, sai ya nemo waƙoƙin sababbi fil, masu fita tar, ya jera su yadda suke.

Aka fito wa Baba da kujera gefen motar, aka buɗe ƙofofi, aka kunna. Waƙar farko ta "Fitowa" ta tashi. Baba ya ɗago kai. Ta biyu ta shiga, yana kaɗa yatsan ƙafa, Umma har ta fara share ido da gefen mayafi. Ta uku ta zo, ganga da muryar wata mace, ta yi ta tafiya sumul har ta ƙare. Baba ya kawar da fuska, ya laluɓi sandarsa.

"To me kuma ya rage?" in ji Yaya. "Waƙarsa ce fa, har ta fi tasa kyau."

Auta kuwa ta ga abin da ba su gani ba. A tsakiyar waƙa ta uku, daidai inda matar ke jan murya, kafaɗar Baba ta dama ta motsa. Kaɗan ne, kamar an tsikare shi. A nan ne faifansa na gaskiya ke maƙalewa. Shekara da shekaru, kullum safiya, muryar takan tsaya a wurin tana nanata gaɓa ɗaya, sai Baba ya saki sitiyari da hannun dama ya daki dashbod sau biyu, ya ce, "Wuce, hajiya," ita kuwa ta wuce. Fasinjojinsa na kullum har jiran wurin suke yi su yi dariya.

Ranar Talata ta rufe keken ɗinkinta da wuri, ta ce wa abokiyar aikinta za ta je sayen zare. Ta sa "Fitowa" a jaka ta nufi layin masu gyaran rediyo. Ba ta taɓa shiga layin ita kaɗai ba. Shago huɗu ta tsaya, a kowanne sai an ce mata ta ɗaga murya. Wani ya ce ta sayi fulash. Wani ya ce a fasa dashbod a dasa tsohuwar rediyo, ta san kuwa Yaya ba zai bari a kusanci motar da sukudireba ba. A shago na biyar ta sami wani dattijo da ake kira Injiniya, gilashinsa ɗaure da waya, yana zaune tsakanin matattun talabijin.

Ya saurare ta har ƙarshe, bai ce ta ɗaga murya ba, kansa ya matso da shi. Ya tambaye ta ko motar tana da ɗan rami zagayayye kamar na abin sawa a kunne. Ta ce akwai, kusa da wurin cajin waya. Ya ce to magana ta ƙare. Ya shiga tonon wani kwali, yana fitar da rimot da fankoki, har ya zaro wata 'yar na'ura mai faɗi kamar murfin tukunya, irin wadda samari ke ratayawa a da suna jin faifai. Ya hure ƙurar, ya ce wannan ta girme ta, ta gaishe ta. Murfin ba ya kamawa. Ya saka batir, ya danne murfin da babban yatsa, faifan ya fara juyawa.

Da waƙa ta uku ta maƙale, Injiniya ya yi tsaki, ya zare faifan ya ɗaga shi a haske. Ya ce karcewa ce 'yar ƙarama, yanzu zai kashe ta. Ya jawo man goge baki daga aljihun tebur, ya matsa a tsumma.

Auta ba ta san lokacin da ta fizge faifan daga hannunsa ba. Ta rungume shi a ƙirji, kunya ta rufe ta har kunnuwanta suna zafi.

"Kawu, don Allah a bar shi haka."

Ya dube ta ta saman gilashi. "'Yata, shekara arba'in ana kawo mini abu a gyara. Yau ga wadda ta zo a tabbatar mata abu ya lalace daidai."

Ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya haɗa mata da waya mai kai biyu. Ya gargaɗe ta cewa na'urar ba ta son girgiza, ramin titi ɗaya ya isa ya sa ta ɓata hanya.

Gaskiyarsa. Ranar Laraba ta gwada a layinsu, na'urar a kan kujera, murfin ɗaure da robar wando. Sauti ya fito ta sifikun motar, da ɗan shuu ɗinsa da komai, amma ko tsakuwa taya ta taka sai waƙar ta yi tsalle. Ta sa ta a kan filo, ta zame. Ta koma shagon ɗinkinsu, ta yanko soso daga ragowar wata katifa, ta ɗinka aljihu mai ruɓi biyu da ƙyallen labule. Na farko ya matse murfin har faifan ya ƙi juyawa, ta farke. Na biyu ya yi sako-sako. A na uku ta bar saman a buɗe, ta sa masa maɗauri irin na jakar makaranta. Ta zagaya layin sau shida, tana bin ramuka da gangan, har mai shagon kan kwana ya fito ya tambaya ko wani abu ta yar.

Yaya ya ga aljihun ya ce ta mayar da mota mai daraja kamar shagon tela. Umma ta ce ya rufa wa mutane baki, shi nasa ilimin me ya haifa.

Alhamis da safe Auta ba ta kira kowa ya tallafo Baba ba. Ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗora jakar faya-fayan a kan kujera inda zai gan ta daga zaure, ta koma ta zauna a mazaunin direba. Ba ta kunna komai ba. Ta fi minti goma tana kallon sitiyari kafin ta ji ƙarar sanda a kan siminti. Baba ya iso, ya dubi jakar, ya dubi aljihun soso. Ta buɗe murfin na'urar ta nuna masa faifan, rubutunsa a kai.

"In ka zauna zan saka," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya baya, ya sauke jikinsa a kujerar, Yaya ya rugo ya ɗaga masa ƙafa. Auta ta zagayo ta ɗaura aljihun a cinyarsa ta dama, daf da inda hannun ke kwance kamar ba nasa ba. Yaya ya ce ai ta hagu ya kamata. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Waƙar farko ta kai su ƙarshen layi. Ta biyu ta raka su har gidan mai. Baba yana kallon titi, yana ɗan gyaɗa kai idan ta rage gudu a inda ya dace. Ta uku ta shiga suna dosar fitilar babbar mahaɗa, wuta ta yi ja, Auta ta taka birki. Matar ta ja murya, ta maƙale.

Gaɓa ɗaya ta cika motar, tana dawowa, tana dawowa. Baba ya saki sandarsa, ya ɗago hannun hagu. Auta ta miƙa nata ta riƙe shi. Tunda take ba ta taɓa riƙe hannun mahaifinta don ta hana shi abu ba, amma ba ta saki ba.

"Hajiya ba ta san wannan hannun ba, Baba."

Ya juyo ya harare ta, irin hararar da ke sa ta ɓuya bayan Umma tana ƙarama. Wuta ta yi kore. Na baya ya danna ham, na bayansa ma ya taya shi. Wani mai babur ya leƙo ta taga ya tambaya ko mota ce ta mutu ko direba. Auta ta kunna fitilun gefe biyu, ta ja birkin hannu, ta ci gaba da kallon gabanta. Motoci suka riƙa ratse su, kowa da abin da yake faɗi. Wuta ta sake yin ja.

Ta gefen ido ta ga kafaɗar ta motsa. Gwiwar hannun ta biyo. Gumi ya tsattsafo a goshin Baba, leɓensa ya karkace. Hannun ya ɗagu kamar faɗin yatsa uku, ya faɗi a gefen soso. Bai samu ba. Ya ja numfashi, ya sake. Wannan karon bayan yatsun suka sauka a kan murfin. Ya ƙara na biyu, mai rauni, da ƙyar aka ji shi.

"Wuce," ya ce, kalmar tana fita da nauyi. "Hajiya."

Muryar ta yi ɗan tsalle, ta wuce, ganga ta bi ta.

Auta ta saki hannunsa na hagu. Ba ta iya duban fuskarsa ba. Ta sauke birkin hannu, ta jira kore, ta ja mota. Sun wuce mahaɗar da kaɗan Baba ya zungure ta da gwiwar hannu, ya nuna dashbod da haɓa. Fitilun gefe ne ta manta ba ta kashe ba, suna ta ƙyaftawa. Ta kashe. Ya yi tsaki irin na malamin tuƙi, ya jawo jakar kusa da shi, ya fara ture faya-fayan ɗaya-ɗaya.

A bakin ƙofar asibiti ya sami wanda yake nema, ya ɗora mata a cinya don komawa gida. Ta karanta rubutun. "In fasinja sun fara gardama."