Gado na Shida

Duk shekara, kafin ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, muna ware gadaje shida a asibitin ƙauyenmu don tsofaffin da ba su da mai hura musu wuta. Ba lallai sai suna ciwo ba. Su zauna kusa da murhu, su sha shayi da gurasa, har hanya ta buɗe. Sharaɗi ɗaya ne: tsohon da yake da ɗa a raye ba shi da gado. Ni, Kanishai, ni ce nas ɗin wurin, shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ni nake cike takardun.

Bana biyar sun cika tun da wuri. Na shidan na riƙe wa Inna Burulkan, duk da na san doka ba ta ba ta ba. Bara na same ta a tsohon gidansu, ruwan bokitinta ya daskare, ta naɗe ƙafafu da fatar tunkiya. Yatsun ƙafa biyu muka yanke mata, sanyi ya kashe su. Wani sanyin irin wancan ba za ta fita daga cikinsa ba.

Ɗanta Esenbek kuwa yana nan ƙasan hanya, cikin sabon gida mai ɗaki biyar, hayaƙi na tashi safe da yamma. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Na taka har ƙofarsa don in kunyata shi.

"Saboda kai ba za a ba ta gado ba," na ce masa. "Takarda ta ce tana da ɗa. To ga ɗan nan, har da tumbi. Ka je ka ɗauko uwarka."

Bai ji haushi ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wato in ba ta da ɗa, shike nan an ba ta?"

"Haka doka ta ce."

"To madalla, Kanishai. Allah ya saka."

Na dawo ina murna, a zatona maganata ta shige shi. Wauta ba ta da shekaru.

Ranar Laraba jami'in gunduma ya hawo da motarsa don ya duba gawayin kwal da magunguna, ya sa hannu a sunayen. Turdaliyev ake ce masa, mutum ne mai son ya gama ya sauka kafin hadari. Na kawo Inna Burulkan na zaunar da ita, da niyyar in roƙe shi ya kau da kai. Ta sa farin ɗankwalinta na zuwa biki. Ban kai ga buɗe baki ba Esenbek ya shigo, yana kakkaɓe takalmi.

"Yallabai, na zo ne in sauƙaƙa muku aiki," in ji shi. "Tsohuwar nan ba ita ta haife ni ba. Ɗan ƙanen mijinta ne ni. Ba su samu haihuwa ba, aka ba su ni ina wata huɗu, yadda ake yi. Ga takardar haihuwata, sunan uwata na ciki."

Ya ajiye ta a tebur ya goge ninkinta da tafin hannu. Tsofaffin kwarin nan duk sun san zancen, amma shekara hamsin ba wanda ya taɓa furta shi, don Inna Burulkan ta roƙe su ɗaya bayan ɗaya. Har ranar nan tana zaton yaron bai sani ba.

Ta dube shi ta ce, "Tun yaushe, Esen?"

"Tun ina aji uku, Inna. Haba, meye a ciki? Ga ɗumi, ga abinci, ga likita a kusa. Ai gata na yi miki."

Turdaliyev ya karanta takardar, ya dubi agogo. "Inna, abin da ya faɗa gaskiya ne?"

Na so ta yi ƙarya. Na so ta ce ƙarya yake yi, ta tsine masa a gaban kowa, ko da za ta rasa gadon. Sai kawai ta gyara bakin ɗankwalinta.

"Gaskiya ne, yallabai. Ban taɓa haihuwa ba."

Ya buga hatimi. Esenbek ya fita ya dawo da ƙunshin kayanta, ashe tun safe ya ɗaure su ya sa a bayan mota. Ya dire su a kan gado na shida, ya yi mana sallama da fara'a, ya ce zai leƙo in ya samu sarari.

Saura layi ɗaya a takardar, kuma dole in cike shi kafin jami'in ya tafi da ita. Na durƙusa gabanta, kunya kamar ta kashe ni.

"Inna, in wani abu ya faru, wa za mu kira?"

"Ese..." ta fara.

"A'a fa," in ji Turdaliyev, yana sa hularsa. "In sunan nan ya shiga layin nan, a gunduma za su ce tana da mai kula da ita, su soke gadon. Ku zaɓa, ni dai hanya nake ji."

Ta daɗe tana kallon alƙalamin da ke hannuna.

"Rubuta babu, 'yata," ta ce.

Na rubuta.